ZAUREN GIRKI: Ba Kowane Gam Ne Yake Jure Wuta Ba

 

A wannan fitowar na yi niyyar kawo muku yadda ake dambun nama mai daɗewa bai lalace ba, to amma sai ga wani saƙo ya shigo wayata da tsakar dare daga wata 'yarmu, amarya 'yar wata biyar, wadda aure ya kai ta birnin Atlanta na ƙasar Amurka. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce:

"Anti don Allah ki taimake ni, na shiga uku. Maigidana yana da wani murhun gashi na tangaran mai siffar ƙwai a lambun gidanmu, ji yake da shi kamar me. Ya yi tafiya, jibi zai dawo. Na ce bari in koyi gasa kaza a ciki in ba shi mamaki, na cika gawayi, na buɗe ƙofofin iska duka, na shiga ɗaki ina waya da Umma. Da na fito na ɗaga murfin sai wuta ta yi tsalle ta lashe mini gashin ido da gefen ɗankwali. Bayan ya huce sai na ga wani abu kamar bargo da ya zagaye bakin murhun ya ƙone, rabinsa ya saɓule yana lilo. Na ɗauko sufa gulu na ɗiga don in mayar da shi, sai wurin ya ɗauki zafi yana hayaƙi, yatsuna biyu kuma suka manne. Anti wane gam zan saya in liƙe shi kafin ya dawo, yadda ba zai gane ba?"

To kun ji. Na amsa mata a daren, amma da gari ya waye sai na ga bai kamata in bar maganar tsakanina da ita kaɗai ba. Kada wata ta ce me ya haɗa ni da murhun Amurka, ni da ko gas ɗin ma sai mun yi da gaske? Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe 'yar uwa, domin da wuya a samu gidan da ba a taɓa ɗauko sufa gulu an ɗiga wa wani kayan kicin ba, kuma wutar Atlanta da ta Kano duk sunanta wuta.

WANE IRIN MURHU NE WANNAN?

Sunansa kamado, kalmar mutanen Japan ce, ma'anarta murhu. Sun daɗe suna dafa shinkafa a cikin irin wannan tukunyar ƙasa mai murfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai sojojin Amurka da suka zauna a Japan suka riƙa komawa gida da shi a matsayin tsaraba. A 1974 wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya buɗe shago a Atlanta yana sayar da irinsa, daga nan aka samu kamfanin Big Green Egg, wato babban koren ƙwai. Yau kamfanoni da dama suna yin nasu, kala-kala.

Ki ƙaddara tanderun gurasa ne aka yi masa murfi mai nauyi, aka yi masa ƙofar iska ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Jikinsa tangaran ne mai kauri, babba daga cikinsu yakan haura kilo 70. Duk sirrinsa a iska yake. Idan aka rage ƙofofin sai gawayin ya riƙa ci a hankali, zafin ya tsaya wajen digiri 110 zuwa 120, nama ya wuni yana dahuwa har ya yi luguf. Idan aka buɗe su duka, zafin yana iya kaiwa digiri 370 ko ma fiye. Ki tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa, sai ki kwatanta.

Shi kuwa abin nan mai kama da bargo da 'yarmu ta ƙona, shi ne kanikawa suke kira gasket. Duk wadda ta taɓa dambu ta san aikinsa ko ba ta san sunansa ba. Idan kin ɗora madambaci a kan tukunya ai sai kin kwaɓa kuka ko fulawa kin liƙe tsakaninsu, ko ki naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, don kada tururi ya gudu ta gefe. To haka gasket yake, yana toshe tsakanin murfi da gindin murhu don kada iska ta shiga ta inda ba a so, hayaƙi kuma kada ya fita. Aikinsa na biyu shi ne zama matashi, domin tangaran mai nauyi idan yana buguwa da ɗan uwansa kullum, wata rana sai baki ya ɓantare.

Abin da na fara gaya mata shi ne ta share hawayenta. Gasket kaya ne mai ƙarewa kamar tayar mota, masu murhun nan sun san dole wata rana a canza shi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin murhun. Wutar da ta lashe mata gashin ido kuwa ita ce abin tsoro. Idan gawayi ya yi jajur a rufe, yunwar iska yake ji, da an ɗage murfi gaba ɗaya sai iska ta afka, wuta ta tashi lokaci guda. Shi ya sa masu ƙera shi suke cewa idan zafi ya wuce digiri 150 a fara ɗaga murfin kamar faɗin yatsa biyu, a dakata, a sake, sau biyu ko uku, sannan a buɗe. Kuma don Allah ban da tsayawa a kan wuta da mayafi ko hijabin leda yana lilo.

GAM ƊIN DA BA A KAI SHI KUSA DA WUTA

Sufa gulu shi ne na farko. Ƙarfinsa yakan fara tafiya tun daga wajen digiri 80, ko tafasar ruwa bai kai ba. Ga shi idan ya bushe ƙandarewa yake kamar gilashi, ba ya lanƙwasa. Hayaƙin da 'yarmu ta gani kuwa ba aljanu ba ne. Shi sufa gulu idan ya haɗu da auduga ko ulu ko wani abu mai gashi-gashi irinsu, bushewa yake cikin gaggawa yana fitar da zafi, har ya ƙona fata. Ku kiyaye wannan ko a kan zanin jikinku ne ya ɗiga, a yi maza a raba shi da fata.

Na biyu, gam mai kwanso biyu da ake cakuɗawa, wanda muka fi sani da Araldite. Yana da ƙarfi a wurin da babu zafi, amma na gama-gari daga cikinsa yakan fara laushi tun kafin zafi ya kai na tafasasshen ruwa.

Na uku, gam ɗin masu gyaran takalmi da sholishon masu faci. Waɗannan ma ba a magana, ruwan da ke cikinsu kama wuta yake kamar fetur, warinsu kuma ba abin da za a kai kusa da abinci ba ne.

Na huɗu, wanda ya fi ruɗin mutane, shi ne silikon ɗin da ake liƙe gilashin taga da bakin bahon wanka. Sunansa silikon, kamarsu ɗaya da na wuta, amma bai kai shi jure zafi ba, kuma da yawa daga cikin na banɗaki an zuba musu maganin hana funfuna. Maganin funfuna kuwa me ya kai shi kusa da kazar maigida?

KARANTA LAMBA KAFIN KI BIYA KUƊI

Duk gam na kirki yana ɗauke da lambar zafin da zai iya jurewa a jikin kwansonsa. Idan kin juya kin juya ba ki ga lamba ba, ki ajiye wa mai shago kayansa, ko da ya rantse miki cewa shi kowa yake saya. Amma akwai tarko biyu a wannan lambar.

Tarko na farko, harafin da ke gaban lambar. Mu a makaranta da ma'aunin Salshiyas aka koya mana, mai harafin C. Amurkawa kuwa da Faranhait suke aiki, mai harafin F, kuma lambarsa ta fi girma a ido. Idan kin ga 500 da F, ba 500 ɗinmu ba ce. Ga lissafin, 'yan makaranta ku ɗauko biro: ki cire 32, ki ninka sau 5, ki raba gida 9. Kin ga 500 F ta zama 260 C ke nan. 650 F ta zama 343 C. 700 F ta zama 371 C. 2000 F kuwa 1093 C. Daga nan duk lambar da na ambata ta C ce.

Tarko na biyu, yawancinsu lamba biyu suke da ita: zafin da gam zai jure a kullum na tsawon lokaci, da zafin da zai jure na ɗan taƙi, jefi-jefi. Masu talla babbar suke rubutawa da manyan baƙaƙe a gaba, ƙaramar kuma sai kin juya baya kin ƙanƙance ido. To ƙaramar ita ce gaskiyar gam ɗin, da ita za ki yi aiki.

TO WANNE ZA A ZAƁA?

Hanya uku ce, kuma zan jera su yadda na jera wa 'yarmu.

Ta farko, wadda na fi so mata, ita ce kada ta sayi gam ɗin sam. Yawancin gasket ɗin da ake sayarwa yanzu da gam ɗinsu suke zuwa a manne a baya, takarda kawai za ki ɓare kamar filasta. Ki nemi wanda aka yi daidai da samfurin murhun da girmansa. Da yawa ana yin su da wani zare mai suna Nomex, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi tun shekarun 1960, irin wanda ake ɗinka wa 'yan kwana-kwana kayan aiki. Ba ya narkewa ba ya ɗiga, sai zafi ya kai wajen 370 yake fara ƙonewa. Ga wadda ba ta saba ba, wannan ita ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali, kuma ita masu ƙera murhun suke ba da shawara.

Ta biyu, idan gasket ɗin ba shi da gam a baya, ko wani gefe ne kawai ya ɗaga, sai a nemi silikon na wuta. Yakan zo a kwanso kamar man goge baki, galibi ja ne, kodayake kala ba hujja ba ce, lamba ita ce hujja. Irin jan nan yawanci yana jure 260 a kullum, da 315 zuwa 343 na ɗan lokaci. Za ki ce to ai murhun yana kai 370, ya ke nan? Amsar ita ce gam ɗin ba a cikin garwashi yake zaune ba. Yana can bakin murhu, a danne tsakanin tangaran da gasket, inda zafin bai kai na tsakiya ba muddin murfi yana rufe ruf. Babban alherin silikon shi ne ko ya bushe yana nan da taushi kamar roba. Tangaran yana buɗewa kaɗan idan ya ɗau zafi, ya tsuke idan ya huce, murfi kuma kullum cikin dukan baki yake, to silikon binsu yake yana lanƙwasa, ba ya tsagewa.

A nan sai an kula da maganar abinci. Akwai silikon na wuta da aka yi don kayan girki, za ki ga an rubuta a jikinsa cewa ya dace da ƙa'idar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ko ki ga tambarin NSF. Akwai kuma wanda aka yi don injin mota, kamar Permatex Ultra Copper mai kalar jan ƙarfe, wanda yake jure har 371 na ɗan lokaci. Masu gashi da yawa a Amurka suna aiki da shi, musamman idan za su sa gasket na zaren gilashi, hujjarsu ita ce ai nama ba ya taɓa wurin. Ni dai abin da na gaya wa 'yarmu shi ne, wancan don mota aka yi shi, shi ma zaren gilashin asalinsa na ƙofar murhun ɗumama ɗaki ne. Tunda ga na kayan abinci a kasuwa, kuma kaza da ƙafar rago za ta riƙa gasawa ba ƙarfe za ta narka ba, ta ɗauki mai tambarin abinci wanda ƙaramar lambarsa ta kai 260, ta huta da wasiwasi.

Ta uku ita ce simintin wuta, wani baƙi ko ruwan toka mai kauri, wanda za ki ga an rubuta masa 2000 F, wato 1093 ɗinmu. Duk wanda ya ga lambar nan sai ya ce ai shi ke nan na samu sarkin gam. To a nan ake yin kuskure. Shi idan ya bushe dutse yake zama. A bakin murfin da ake buɗewa ana rufewa sau ashirin a wuni, tsattsagewa zai yi ya riƙa zuba gari-gari, ranar da za a sake canza gasket kuma sai an sha wuya kafin a kankare shi. Wurin aikinsa daban ne: tsagar da ta fito a kaskon da garwashi yake zama a kai, inda wuta take taɓawa kai tsaye kuma babu motsi. Kin ga ashe babbar lamba ba ita ce kaɗai abin dubawa ba. Tambaya uku za ki yi wa kanki: zafin wurin nawa ne, wurin yana motsi ko a kafe yake, kuma yana kusa da abinci ko a'a?

YADDA AKE AIKIN

Ko kin sayi gam ɗin da ya fi kowanne tsada, idan ba ki gyara wurin ba asarar kuɗi kika yi. Rabin aikin a shara yake.

Da farko ki tabbata murhun ya huce sarai, ki kwashe toka, ki shimfiɗa tsohuwar jarida a ciki don kada datti ya zuba. Kada ki ce za ki kwance murfin daga ƙarfen da ya riƙe shi ke kaɗai, yana da nauyi kuma akwai sifirin mai ƙarfi a bayansa.

Sai ki sa abin kankara mai faɗin baki ki cire tsohon gasket duka, sama da ƙasa, har da busasshen gam da maiƙon da ya daskare. A hankali, kada ki sassaƙe tangaran ɗin. Daga nan ki goge da asiton ko sifirit a tsumma mai tsabta, har sai kin shafa yatsa kin ji babu santsi. Ruwan goge jan farce yana da asiton, amma da yawansu an haɗa su da mai da turare, don haka gara tsantsarsa. Ban da fetur, ban da kananzir, domin tangaran yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, zai shanye warin ya riƙa mayar miki da shi a cikin nama. Asiton kansa yana kama wuta, a fili za ki yi aikin, nesa da ashana. Ki bari ya bushe ƙayau.

Idan mai gam a baya ne, ki riƙa ɓare takardar kaɗan-kaɗan kina dannawa kina zagayawa, kada ki ja shi ya miƙe, in kin ja zai tsuke daga baya ya bar ƙofa. Idan silikon ne, ki zizara siriri ki baje shi, kada ki lafta ya tumbatsa ya zubo ciki, abin da ya fito ki goge nan take. Ki fara daga baya wajen maratayin murfi, kuma mahaɗar gasket ɗin sama kada ta hau kan mahaɗar na ƙasa, ki goce da ita.

Sai ki rufe murfin, nauyinsa ya danne, ki bar shi awa 24 cur ba wuta. Silikon da danshin iska yake bushewa, samansa yakan kama cikin awa guda, amma cikinsa sai ya kwana ya wuni. Idan iska a bushe take kamar lokacin hunturu, ki ƙara masa lokaci. Idan kin ji wari kamar na ruwan kal kada ki tsorata, wasu haka suke yi yayin bushewa, amma kada a kunna wuta sai warin ya tafi.

Don ki gane ko aiki ya yi, ki sa tsinken takarda a bakin murhun ki rufe a kanta ki ja. Idan ta yi gardama, ya kama. Idan ta zare sulul, akwai ƙofa a wurin. Ki gwada gaba da baya da gefe biyu. Girkin farko da na biyu da na uku kuma a yi su da sassauƙar wuta, kada a wuce 175, sauri shi ya haifi nawa.

MU DA MUKE GIDA FA?

Yanzu mu dawo kicin ɗinmu. Robar da ta zagaye ƙofar obin, yawancinta ba da gam aka sa ta ba, 'yan ƙugiyoyi gare ta da suke shiga huda. Idan ta saki, sabuwa ake saya a maƙala. Robar murfin tukunyar furesha kuwa, wallahi kada ki kuskura ki liƙa ta da komai. Tururin da ke ciki a matse yake, zafinsa ya kai wajen 120, idan ya ƙwace fuska yake nema. Ta tsage ko ta ƙandare, a jefar a sayo wata daidai girman tukunyar.

Murhun gawayin nan mai jikin ƙarfe da kaskon yumɓu a ciki, wanda asalinsa daga Kenya ne a farkon shekarun 1980, su suna ce masa jiko, shi ne ɗan uwan kamado a wajenmu. Siririn tsagi a yumɓunsa ba abin damuwa ba ne. Idan ya buɗe sosai, nan ne wurin simintin wuta, ko a mayar wa masu yin sa su canza kaskon. Simintin gini zalla ba ya daɗewa a inda garwashi yake taɓawa, farfashewa yake. Kuma kada ki watsa masa ruwa yana da zafi don ki kashe wuta, wannan shi ke fasa shi.

Hannun tukunya ko na kasko idan ya cire, aikin kusa ne, a kai wa maƙeri. Kofin shayin da ya rabe biyu aka haɗa da sufa gulu, a mayar da shi ma'ajiyar cokula, kada a zuba ruwan zafi a miƙa wa yaro. Idan kuma wani mai gyara ya kawo miki farar igiya ya ce ba ta cin wuta, ki tambaye shi da me aka yi ta. In asbestos ce ki ce ya tafi da abarsa, ƙurarta tana jawo cutar dajin huhu bayan shekaru. Na ƙarshe, kowane irin murhun gawayi ne, na Amurka ko na bakin kasuwa, ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da kala, a cikin barci take ɗauke mutum.

SAURAN MAGANA

Kun lura da ƙarshen saƙon 'yarmu? Cewa ta yi, yadda ba zai gane ba. Wannan ya fi ƙonewar gasket ɗin damuna. Na ce mata, 'yata, a ce ma kin samu gam kin liƙe, mutumin da ya san murhunsa kamar tafin hannunsa, kina jin ba zai ga sabon gasket fes a inda ya bar tsoho mai baƙin hayaƙi ba? Sannan gashin idon fa, shi da wane gam za ki mayar? In ya tambaya ki ce ba ki sani ba, kin ga daga ɓarnar da ba ta fi kuɗin cefanen kwana biyu ba kin koma mai ƙarya a idon mijinki, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Tsautsayi kowa yana gamuwa da shi, kuma don ki faranta masa kika yi. Ki ɗauki waya yanzu ki gaya masa da bakinki, ki ba shi haƙuri, ki ce kin riga kin binciko yadda ake gyarawa.

Ta yi ta jan ƙafa, ta ce ita kunya take ji, ga tsoro. Daga baya dai ta daure ta kira shi. Bayan kwana huɗu sai ga saƙonta har da 'yar dariya. Wai tambayar farko da ya yi mata ita ce, idon naki fa, kin je asibiti? Da ta kai ga maganar murhu sai ya ce ai shi ma ya taɓa ƙona shi tun yana gwauro, akwai ma sabon gasket a cikin durowar gareji da ya saya ya ajiye. Da ya dawo tare suka kankare, inda ta ɗiga sufa gulun nan shi ya fi ba su wuya. Suka manna sabo, suka jira awa 24 ɗinsu, ranar Lahadi ya tsaya a kanta ta gasa kazar.

'Yan matana masu shirin shiga daga ciki, ku riƙe wannan. Za ki fasa faranti, za ki ƙona riga da dutsen guga, za ki zabga gishiri a miya ranar da dangin miji suka zo. Duk wannan mai sauƙi ne in kin faɗa da wuri. Liƙe-liƙen ɓoye shi ne yake saki ranar da wuta ta yi zafi, a gaban mutane.

Ga aikin gida ga 'yan makaranta: an rubuta 450 F a jikin wani gam, nawa ke nan a ma'auninmu, kuma ya kai lambar da na ce a nema ko bai kai ba? Ku aiko da amsa, zan ambaci makarantun waɗanda suka ci. Dambun naman kuma yana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Ku huta lafiya, taku a kullum, Antinku ta Zauren Girki.